Giyar otomatik a babbar mota: kuloci fa yana nan, ƙafarka kawai aka hutar

Duk mai zama wajen 'yan manyan motoci a Kwangila ko Dan Magaji a Zariya ya san wannan musun, baya ƙarewa. Wani yace motocin nan masu feda biyu basa jure lodi, basa jure hanyarmu, ka sayo yau wata shida kana kwance a gareji. Wani kuma yace wallahi tunda ya hau Actros mai canza giya da kanta ya rabu da ciwon gwiwa, ko kyauta aka bashi manuwal bazai koma ba. A ganina rabin musun ya taso ne daga abu ɗaya, mutane sun ɗauka giyar nan irin ta Corolla ko Camry ce aka ƙara mata girma. Ba ita bace, ko kusa.

A ƙaramar mota babu kuloci irin wanda muka sani, mai ne ke juyawa cikin wani ƙoƙon ƙarfe tsakanin inji da giyabos yana miƙa ƙarfi, shi yasa zaka tsaya a gosulon PZ giya na D ƙafarka na kan birki babu abinda zai ƙone. Akwai manyan motoci masu irin wannan, giyar Allison kenan, anfi samunta a motocin kwana-kwana da na kwasar shara da wasu bas-bas. Amma wadda ke cikin tirela da tanka da muke gani a hanyar Kaduna zuwa Kano, giyabos ne na manuwal sak, da haƙoransa, da filet ɗin kuloci busasshe mai cinyewa kamar na kowa. Abinda aka yi kawai shine an cire fedar daga ƙarƙashin ƙafarka an cire doguwar sandar daga hannunka, an miƙa aikin ga kwamfuta, ita kuma tana amfani da iskar kwamfiresa wajen taka kulocin da tura giya. Wannan 'yar ƙarar "cus, cus" da kake ji lokacin da mota ke canji, bawul ne ke sakin iska.

Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa tasa. Volvo suna ce mata I-Shift, tun 2001 suka fito da ita, kuma ita ce dai aka sa wa Mack da sunan mDrive, aka sa wa Renault da sunan Optidriver. Mercedes PowerShift, Scania Opticruise. MAN da DAF da Iveco sun daɗe suna ɗaukar ta kamfanin ZF na Jamus, AS Tronic, daga baya TraXon. A Amurka kuma Eaton ne suka yi suna. Ga kuma 'yan tsaka-tsaki da suka cika mana gari a tokumbo, tsohuwar Actros mai Telligent da tsohuwar Scania, waɗanda kwamfuta ke tura giya amma fedar kuloci na nan, Scania ma sai wajen 2009 suka fitar da mai feda biyu zalla. Saboda haka in aka ce maka mota otomatik ce, leƙa ƙasa ka ƙirga feda tukun.

Yawancinsu giya 12 ce gaba, ribas kuma har 4 a wasu. Kada lambar ta firgita ka. A I-Shift misali asalin giya 3 ne a tsakiya, sai rabin giya a gaba mai raba kowacce biyu, sai hai da lo a baya ya sake ninkawa, 3 sau 2 sau 2 ya baka 12. Duk wanda ya tuƙa manuwal mai maɓalli biyu a kan sanda ya san tsarin nan, ba baƙonsa bane. Abin lura shine tsakiyar giyabos ɗin ba shi da sinkoro, zoben nan da ke daidaita gudun haƙoran giya kafin su haɗu, kwamfutar ce ke ɗaga raf (saurin juyawar inji) ko ta sauke shi daidai da gudun taya sannan ta jefa giyar, wato dabul kulocin da tsofaffin direbobin roka ke yi da ƙafa da kunne, ita tana yin sa cikin ƙiftawar ido kuma bata gajiya. Shi yasa in tana canji kada ka ɗaga ƙafa daga totur kamar yadda ka saba, bar ƙafarka inda take, ita ke yanke mai ta mayar da kanta. Masu ɗagawa suna sake takawa su ne ke rikita ta ta riƙa hawa da sauka.

Toh, abin sarrafawar. A Volvo sanda ce gajeriya jikin kujera ta hannun dama, R, N, A, M, da maɓallin ƙari da ragi a gefenta inda babban yatsa ke kaiwa. A Actros sababbi da Scania hannu ne a jikin sitiyari ta dama, akwai zobe da zaka murɗa zuwa D ko N ko R, ka ɗaga hannun sama giya ta hau ka danna ƙasa ta sauka, kuma shi dai wannan hannun in ka ja shi baya shine birkin inji ko ritada, na'urar da ke rage gudu ba tare da an taka birkin ƙafa ba. MAN da DAF da yawa abin murɗawa ne daban, a MAN zaka ga DM da RM, a DAF kuma hoton kunkuru, ma'anarsu ɗaya, tafiyar a hankali ta shiga lungu ko haɗa kai da bodi. R ribas, N firi, A ko D mota ta zaɓa da kanta, M kai zaka zaɓa.

Ka duba da kyau zaka ga babu P, wato fakin. Wannan ba mantuwa bace, babu wani ƙarfe da ke kulle giyabos in ka tsaya, abinda ke riƙe motar hambirki ne na iska, shi kaɗai, sai waigi in wurin da gangara. Direban da ya saba barin manuwal a giya ya kashe ya sauka, ko wanda ya saba da P na ƙaramar mota, nan ne ake samun tirela ta gangara ba kowa a ciki. Ka tsaya, ka ja hambirki, ka maida N, sannan ka kashe. Kuma maidawa N ɗin nan tana da wani dalilin daban: wasu motocin in ka kashe su cikin giya iska ta zurare cikin dare, da safe babu iskar da zata fitar da giyar, mota kuma bata tashi sai a firi, inji bai tashi ba balle kwamfiresa ya tara iska. Ka ga an shiga tsaka mai wuya kenan, sai an nemo wata motar an ɗura mata iska da tiyo.

Iska ita ce rayuwar giyar nan. Da safe in ka tada mota kada ka yi gaggawar murɗa D, bari alluran iska su cika, jar wutar ta mutu ƙarar gargaɗi ta yi shiru, don an tsara tankunan birki su ke da fifiko, giya da kuloci suna baya. In ka matsa mata zaka ga lambar giya na ƙiftawa a dashbod ko ta ƙi shiga gaba ɗaya, sai ka ji ana cewa giyabos ya lalace alhali iska ce bata kai ba. Ka taka birki, ka zaɓi D ko A, ka jira har lambar ta tsaya cak a allo, sannan ka saki hambirki ka ba da wuta sannu. Sannan kada ka taɓa jefa R mota na motsi gaba ko D tana motsi baya, yawancinsu zasu ƙi ma, amma ba abin gwaji bane.

Yanzu ga inda nake so a tsaya sosai, giyar tashi. Kwamfutar na da na'urar gane tudu da gangara, tana kuma ƙiyasta nauyin lodi daga yadda mota ke amsa wuta, wasu kuma daga matsin balan-balan ɗin iska na baya, da wannan take zaɓar lambar da zata tashi da ita. In ba kaya tana iya tashi a 3 ko 4, in da kaya 1 ko 2. Matsalar ita ce ka shigo kasuwar Giwa ko Saminaka wayam, aka yi maka lodin masara har sama, lissafin da ke kanta na ɗazu ne, bata motsa da sabon nauyin ba tukun, sai ta nuna maka 3 a allo. In ka biye mata ka tashi a haka zata tashi ɗin, amma da goga kuloci zata tashi, kuma baka da feda a ƙafa da zata gaya maka ana wahala. Danna ragi ka sauke ta zuwa 1 da hannunka, daƙiƙa biyu ne. Mu tuna kuma motocin Turai da ake kawo mana, a can iyakar nauyin tirela mai aksul biyar tan 40 ne har da nauyin motar kanta, mu kuma buhu 600 na siminti tan 30 ne, buhu 900 tan 45, kayan kaɗai banda kai banda bodi. Motar da ke ɗauke da wannan ba ta da wata giyar tashi sai ta ƙasa. Masu cewa otomatik bata jure lodi, a tambaye su a lamba nawa suke tashi.

Abu na biyu mai cin kuloci shine riƙe mota da totur a kan hawa. Ana gosulo a hawan gada, mota na son komawa baya, sai direba ya ɗan taɓa totur ya riƙe ta a wurin, ba gaba ba baya. A wannan lokacin kwamfuta ta riƙe kuloci rabi da rabi yana ta gogawa, tan 50 na rataye a jikin filet ɗaya, minti kaɗan zaka ga gargaɗin zafin kuloci a allo, wani lokacin ka fara jin ƙauri kafin ma rubutun ya fito. In ka tsaya, tsaya da birki. In zaka tafi, tafi sosai kuloci ya kama gaba ɗaya. Yawancinsu akwai maɓallin taimakon hawa, mai hoton mota a kan tudu, in ka kunna shi yana riƙe birki na ɗan lokaci bayan ka ɗaga ƙafa har ka kai ga totur. In babu shi ko bodin da ka ja birkinsa na gargajiya ne, hambirki na nan, ka ba da wuta har ka ji mota ta ɗan ja sannan ka sake shi. A gosulo mai jan ciki kuma gara ka bari tazara ta buɗe ka tafi a giya ɗaya ƙafa a sake, da ka riƙa matsawa taku-taku, ko da 'yan keke Napep zasu cusa kai gabanka, dama ko ka matse zasu cusa. In tsayuwar ta yi tsawo, shingen bincike ko layin lodi, maida N ka ja hambirki.

Shi kunkurun nan ko DM da RM, amfaninsa totur ya koma kamar fedar kuloci, ka ɗan taɓa ta ɗan matsa, raf baya tashi sama. Yana da daɗi wajen shiga ƙarƙashin bodi ko ribas cikin sito, amma shima goga kuloci yake, na 'yan mitoci ne, ba na zagaya gareji bane.

In an hau titi sosai, daga Jaji zuwa Maraban Jos ko daga Tashar Yari ka miƙe Kwanar Dangora, gaskiya a bar ta a A. A nan ta fi mu, tana riƙe raf cikin koren layi, wajen 1,000 zuwa 1,500, tana tsallake giya in ba nauyi, daga 4 ta faɗa 6 ta faɗa 8, kuma man gas da take ragewa mai mota zai gani a aljihunsa. Direbobin da suka saba jin inji na kuka kafin su canza suna ganin kamar ragwanta take, a'a, injinan yanzu ƙarfinsu a ƙasan raf yake. In kana son wuce wata mota ka take totur har ƙasa ya wuce ɗan tsaikon nan na ƙarshe, zata sauke giya ta baka ƙarfi. Akwai kuma yanayin tattali da na ƙarfi, E da P a Volvo, wannan P ɗin ba na fakin bane, na hawa da kaya ne, ba na yini guda ba. Wani abin da ke tsorata sabon shiga shine a 'yar gangara mai sauƙi sai ya ga N ko E ta fito raf ya faɗi, mota na tafiya a sake. Ba lalacewa bace, tsarin rage shan mai ne, Volvo na ce masa I-Roll, Mercedes EcoRoll, kana taɓa birki ko totur ko ritada take maida giya. Amma wannan ba lasisi bane na kai ka murɗa N da hannunka a gangara, waccan kwamfuta ce ke riƙe da abin tana shirye ta mayar, taka kuwa ka cire birkin inji ne kawai ka bar kanka da Allah.

Iyakar wayonta shine bata gani. Kamar yaron mota ne mai kaifin kunne da aka ɗaure wa ido, yana jin nauyi yana jin tudu in an hau shi, amma bai san abinda ke gaba da mita ɗari ba. Sababbin motoci a Turai suna haɗa ta da taswira da GPS su san hawa kafin a iso, I-See na Volvo kenan da PPC na Mercedes, mu dai a nan ido naka ne. Ka hango dogon hawa da kaya, ka sauke giya ɗaya ko biyu tun daga gindi, in hawan mai tsanani ne ka maida M ka riƙe lambar da ka san zata kai ka sama, saboda duk canji akwai ɗan lokacin da ƙarfi ke yankewa, a tsakiyar hawa da tan 50 wannan ɗan lokacin ya isa gudu ya zube ta sake neman wata giyar ta sake zubewa har ku tsaya. Haka a yashi ko taɓo, hanyoyin ƙauye da damina wajen ɗauko hatsi, in taya ta fara juyawa a banza kwamfuta na iya ɗauka gudu ne ta hau giya, sai ka kafe. M, ƙaramar giya, makullin difarenshal tun kafin ka shiga kuma taya na tsaye lokacin da zaka sa shi, wuta daidai ba ɗagawa. Wasu motocin suna da tsarin lilo, gaba baya gaba baya, don fita daga rami, a gwada sau kaɗan, in bata fita ba a nemi mai ja, kada a ƙone kuloci a kan abinda igiya zata yi.

Gangara kuwa ita ce mai kisa, duk wanda ya sauka Hawan Kibo da kaya ya san ba wurin wasa bane. In ka bar ta a A baka ja birkin inji ba, mota na ƙara gudu ita kuma tana ƙara hawa giya, don a lissafinta haka ya dace, kafin ka farga kana 12 birkin ƙafa kaɗai ke aiki, layinin ya yi zafi, diram ya buɗe, ka taka ka ji fedar na nan amma mota bata san kana yi ba. Tun daga saman tudu ake rage gudu, a zaɓi giyar, a ja hannun birkin inji ko ritada. Shi birkin inji saɓanin tuƙin tattali ne, sai raf ya hau yake kamawa, wajen 2,000 zuwa sama kaɗan, wasu motocin ma an yi wa wurin shuɗin layi a agogon raf, saboda haka in ka ja hannun zuwa matakin ƙarshe ka ji ta sauke giya inji ya ɗau kuka, aikinta take yi, kyale ta. Birkin ƙafa kuma a taka da ɗan ƙarfi gudu ya sauka a sake shi ya huce, ba a ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa ba, ba kuma famfo-famfo mai zubar da iska ba. Ka sani kuma in gudu ya riga ya wuce, ko ka danna ragi sau goma bazata sauka ba, zata yi ƙara ta ƙi, don giyar zata kai raf inda inji zai fashe, wasu ma in raf ya kai ja hawa zasu yi da kansu ko kana M. Shawarar gangara a sama ake yanke ta. Sai dai ranar ruwa kuma ba kaya a baya a yi hankali da ritada, tayoyin ja kaɗai take riƙewa, kan mota na iya zamewa bodi ya naɗo shi.

Sauran abinda ke kashe giyar nan a wajenmu ba tuƙi bane, kula ne. Ruwa a tankin iska na ɗaya daga ciki, da damina ka ja zoben ƙasan tanki ka ga abinda ke fitowa, in ruwa ne da baƙin mai to filtar busar da iska ta gama aiki, kuma wannan ƙazantar ce ke tafiya har cikin bawul ɗin saman giyabos ta toshe su. Sai wuta. Batir biyu ne masu bada 24, in suka yi sanyi kwamfutar giya ce ke fara hauka, ga al'adar nan ta jona waya a batir ɗaya don cajin waya ko rediyo, ɗaya na shan wahala ɗaya na hutawa har su lalace tare. Walda a jikin shasi ba a cire kan batir ba, ko tada mota da injin walda, wannan kai tsaye birenbos, wato kwamfutar motar, kake wa barazana. Sannan in an canza kuloci dole a jona kwamfutar gwaji a sake koya wa motar inda sabon filet ke kamawa, bakaniken da ya ɗaura ya ce a tafi haka nan, mota zata riƙa fizga wajen tashi kuma sabon ba zai yi ƙarko ba. A nan ne ƙorafin masu ƙin otomatik ke da gaskiya, masu na'urar gwajin da suka san karatunta basu da yawa, in ta tsaya maka a dajin da babu kowa ba irin gyaran guduma da sifana bane. Shi yasa wasu ke cire ta su dasa manuwal, ni dai ina ganin sau da yawa kuɗin dashen ya fi na gyaran iska da wayoyin da suka jawo matsalar tun farko. Kuma abin kunya ne a ce garin da ke da NITT a hanyar Basawa tun 1986, makarantar harkar sufuri ta ƙasa baki ɗaya, a miƙa wa direba makullin mota irin wannan ba tare da ko yini ɗaya na koyo ba, sai dai "ai otomatik ce, D ka sa ka tafi".

In ta mutu a hanya, maganar a tura ta ta tashi irin ta manuwal babu ita, babu fedar da zaka saki. In kuma janwe zai ja ta, a kwance farfela tukun, dogon ƙarfen nan mai kai ƙarfi daga giyabos zuwa tayoyin baya, ko a ɗaga tayoyin ja daga ƙasa, domin famfon man giyabos da inji yake juyawa, in inji na kashe taya na juya shaf to ƙarfe ne ke cin ƙarfe a bushe, daga Gwargwaje zuwa Sabon Gari kaɗai ya isa a mayar da gyaran bawul ɗaya ya koma sayen giyabos sukutum. Ka tsaya a kan mai janwen har ka ga kusoshin farfelar a hannunsa kafin ya ɗaura sarƙa.